Ranar da Jirgin Salmanu Ya Taso daga Agyaragu

Shekara goma sha tara na yi ina sayar da shayi a bakin tashar jirgin ƙasa ta Lafia, kuma ban tuna safiyar da Malam Salmanu bai tuƙa jirgi a kan bencina ba. Da ya kurɓi shayi sau biyu sai ya tayar da inji. Wata rana daga Fatakwal zai taso, wata rana daga Kafanchan, amma kullum sai birki ya tsinke masa a kan gadar Makurɗi, kullum kuma shi kaɗai ke ceton mutum ɗari takwas. Ranar da na ƙara masa madara, mutanen sukan kai dubu.

Duk wanda ya daɗe a unguwar tasha ya san aikin da Salmanu ya yi wa reluwe shekara talatin da ɗaya. Fitilun sigina yake gogewa, ya zuba musu kananzir, ya kunna da yamma, ya kashe da safe. Amma tsofaffin da suka sani sun gaji da faɗa, matasa kuma ba su sani ba, sai sunan Direba ya bi shi. Ni dai ba na ƙaryata mai sayen shayina.

A bayan tashar akwai wani tsohon siton kaya na jan bulo. Tun kafin a ba mu mulkin kai wani injiniya ya mayar da shi ɗan gidan tarihi. Ya jera tsofaffin fitilu da tutoci, da abin huda tikiti, da wata ƙatuwar ƙararrawar tagulla, da wani ɗan kan jirgi na wasa wanda bai fi tafin hannu biyu ba, ana wana shi a gefe kamar agogon tebur. Da rufi ya fara yoyo aka garƙame wurin, ya shekara goma sha huɗu a rufe. A damanar 1989 sai ƙungiyar masu sayar da doya ta nemi a ba ta siton. Shugabarsu ita ce Madam Perpetua, wata Batibiya da ba ta ɗaga murya, don ba ta taɓa bukatar hakan ba.

Salmanu na jin labari ya ajiye kofi.

"Doya? A inda tarihin Lafia yake kwance? Ina raye?"

Ranar ya sa aka buga masa wasiƙa zuwa ofishin Kafanchan, ya sa hannu a ƙasa: Salmanu, tsohon babban direba. Abin mamaki, amsa ta zo. An ba shi makulli na mako shida. A ƙarshen wa'adin wani babban jami'i zai zo ya duba. In ya gamsu, makulli ya zauna a hannun Salmanu, ya zama mai kula da gidan tarihi. In bai gamsu ba, a miƙa wa masu doya.

Ya sami igiya ya rataya makullin a wuya, a waje da riga. Tun da ya yi ritaya ba a sake damƙa masa wani abu ba, ko da ƙwan fitila ne, shi ya sa yake ta shafa makullin nan yana magana. Na yi masa dariya a lokacin, amma raina ya ɗan sosu.

Perpetua ta zo wucewa ta tsaya ta dube shi.

"Baba Direba, sannu da makulli. Ka riƙe shi da kyau, kar ya ɓata. Ni zan zo karɓa."

"Madam, ki je ki nemi rumfa. Wurin nan sai an zo daga Legas ana layi."

"To, Allah ya sa. In sun zo, ka ce su sayi doya."

Shirin Salmanu shi ne ya shimfiɗa ƙasar nan gaba ɗaya a kan tebur. Ya haɗa tsofaffin teburan ofis guda shida, ya ce nan Makurɗi, nan Agyaragu, nan Lafia, can ƙarshe Kafanchan. Abin da ya rage shi ne dogon da ɗan jirgin zai hau, da taragun da zai ja, don na asali sun ɓace tuntuni. Sai ya nufi wurin Babandi, mai gyaran fitila da risho a bakin kasuwa.

Babandi ya ce, "Kawo jirgin in auna ƙafafunsa."

"Kayan reluwe ba ya fita daga harabar reluwe sai da takarda."

"To in zo can in auna."

"Wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga sito kafin ranar buɗewa."

"To, Direba, da me zan auna? Da addu'a?"

Salmanu ya ɗaga yatsu uku a haɗe. "Ga faɗinsa. Na auna da kaina. Hannun nan shekara talatin yana riƙe da birki, ba ya kuskure."

Babandi ya dubi yatsun. Salmanu siririn mutum ne, yatsunsa kamar tsinken tsire. Babandi kuwa in ya riƙe kofin shayina ba a ganin kofin. Ya koma ya yi mako guda yana lanƙwasa waya, ya yi dogo mai tsawon kamu arba'in, faɗinsa yatsu uku cif, nasa.

Ranar gwaji an bar ni na leƙa ta taga, don ni nake kai masa shayi. Ya wana jirgin, ya ɗora shi a kan dogo, ya saki. Jirgin ya faɗa tsakanin wayoyin biyu, ya zauna a kan cikinsa, ƙafafu na ta juyawa a banza.

Salmanu ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Haka yake yi in yana ɗumama inji."

Da ya koma wurin Babandi, rabin kasuwa ta ji su.

"Ka lalata wa gwamnati aiki!"

"Yatsu uku ka ce."

"Nawa na ce!"

"To da ka bar mini su a nan in riƙa aunawa."

A ƙarshe Salmanu ya rubuta wa kansa takardar izini, ya sa mata hannu, ya karanta ta a bakin ƙofa, ya amince, sannan ya ɗauki jirgin ya kai wa Babandi a cikin hula. Mako biyu sun tafi a nan.

Taragu kuwa da gwangwanin kifi Babandi ya yi su, guda tara, da ƙafafun marfin kwalba. Sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sai dai ba wanda ya tuna ya wanke su da sabulu, saboda haka kafin kwana uku duk wata kyanwa da ke unguwar tasha ta san an kusa buɗe gidan tarihi. Kullum da safe Salmanu yakan tarar da tarago biyu a Kafanchan, ɗaya a ƙarƙashin tebur. Ya ce shi ma reluwe na gaske haka yake fama.

Wata rana Perpetua ta leƙo ta taga ta ga teburan.

"Baba, ina ruwa?"

"Wane ruwa?"

"Ka ce nan Makurɗi. Ni an haife ni a Makurɗi. Makurɗi ba Binuwai, wannan wane irin Makurɗi ne?"

Ta faɗa ne don tsokana, amma maganar ta shige shi. Washegari ya raba tebur na ɗaya da na biyu, ya sa kujera a tsakani, ya ɗora babban daron wankin matarsa Rekiya, ya cika shi da ruwa, ya gitta katako a kai ya zama gada. Da ya duba ya ga kogin ya yi shiru da yawa, sai ya je ya sayo tarwaɗa biyu masu rai ya zuba.

Rekiya ta biyo sawun daronta har bakin sito. Mace ce mai haƙuri, amma haƙurin da ya san adadin kwanakinsa.

"Malam, da me zan yi wanki?"

"Ba daro ba ne yanzu. Kogin Binuwai ne."

"To kogin Binuwai na aurena ne, uwata ta saya mini. In ya lotse, kai da Makurɗin duka za ku ji."

Daga nan sai ya ga ƙasar ta cika shimfiɗewa. Jirgi mai zuwa arewa dole ya ratsa duwatsu. Ya ɗauki baro ya shiga daji ta hanyar Ashige, ya saro wani ƙaton suri, ya turo shi har sito, ya ɗora a kan tebur na biyar. Ya fafe rami a gindinsa don jirgi ya bi ta ciki. Babandi, wanda yanzu an ba shi takardar shiga, ya zagaya surin ya kasa kunne.

"Direba, dutsen nan naka da mutane a ciki."

"Sun tashi. Na buga na ji."

"Gara ba ta amsa sallama."

"Babandi, ka tsaya a kan gwangwani. Harkar ƙasa da duwatsu sai wanda ya zaga ƙasa."

Saura ƙararrawa. Ita ce abin da ya fi so a wurin. Ya kwana uku yana goge ta da toka da lemun tsami har ta koma tana ɗaukar ido, ya rataye ta a bakin ƙofar sito. A nan ne shugaban tasha, Malam Ya'akubu, ya taka da kansa ya zo.

Sai na ɗan yi bayani. A tasharmu, in aka buga ƙarfe sau uku, aka dakata, aka sake buga uku, ma'anarsa jirgi ya taso daga Agyaragu, saura rabin awa ya iso. Kowa ya san wannan, har awaki. A shekarun nan kuwa jirgi ya zama sai an gan shi. Mutane sukan zo da kayansu su yada zango a ƙarƙashin mangwarorin tasha, su yi kwanaki suna jira, kunnensu na kan guntun ƙarfen dogo da Ya'akubu yake bugawa in an yi masa waya. Mata masu talla kuma duk inda suke a gari, da sun ji bugun sai su suri faranti.

Ya'akubu ya ce, "Baba Salmanu, don girman Allah, kome za ka yi ka yi, amma kar ka buga wannan abin."

"Masta, jirgi ba ya shiga tasha ba ƙararrawa. Kai ma ka san doka."

"Jirginka a aljihu ake sa shi. Mutanen can kwana goma sha tara ke nan suna jira. Wannan kuma in ta yi ƙara har garin Obi sai an ji."

Rekiya ma ta sa baki da dare ya yi, ta ce in dai ya buga, kar ya dawo yana neman tuwo. Da ya ga an taru a kansa, sai ya yarda da sulhu. Ya naɗe harshen ƙararrawar da tsumma, ya ɗaure da zare, yadda in an ja igiya sai dai ta ce "duf".

Ranar Alhamis ta ƙarshen wa'adi ta zo. Jirgi ya kwana ashirin da uku bai biyo ba, saboda haka babban jami'in reluwe a mota ya iso. Dattijo ne mai furfura da tabarau, sunansa Mista Iorchia. Bai da yawan magana, sai ɗan littafi a hannu.

Salmanu ya fito cikin kakin da ya ajiye tun ritaya, da hular da ba a taɓa ba shi ba, da koriyar tuta a hammata. Ya jera mu a gefen tebur, ni da Babandi da Ya'akubu da Rekiya, da Perpetua wadda ta ce ta zo ne ta auna faɗin ƙofa. A hannunsa akwai damin tsofaffin tikitin kwali da ya tono a wani akwati, masu rubutun Lafia zuwa Kafanchan. Ya ba kowannenmu ɗaya ya huda.

"Yau ranar buɗewa ce. Tikiti kyauta."

Ya fara zagayawa da baƙo. Ya nuna fitilu da sauri, kamar bai san su ba. Ya nuna Binuwai, tarwaɗa suka motsa gashin baki. Da suka iso gada ya tsaya ya gyara hula.

"A daidai nan, ranka ya daɗe, birki ya tsinke mini. Mutum dubu da ɗari biyu a bayana."

Mista Iorchia ya dube shi ta saman tabarau. "Wace shekara?"

"Shekarun da yawa, ranka ya daɗe. Abin ya faru ba sau ɗaya ba."

Baƙon ya rubuta wani abu. Sannan ya ɗaga kai ya ga ƙararrawa, fuskarsa ta saki a karon farko. Ya matsa ya shafa ta, ya leƙa ciki, ya ga tsumma.

"Me ya same ta? Ta fashe ne?"

Na ga Ya'akubu ya runtse ido. Na ga Rekiya ta gyara tsayuwa. Salmanu ya dubi baƙo, ya dubi littafin, ya taɓa makullin wuyansa.

"Fashe? Ranka ya daɗe, ƙura nake kare mata. A wurina komai bisa doka yake tafiya."

Ya zare tsumman. Ya wana jirgi, ya ɗora shi a Agyaragu da taragunsa tara, bai lura ya juya hancinsa wajen Makurɗi ba, ya kama igiya. Ya buga uku, ya dakata, ya buga uku. Ƙarar sai da ta kaɗa ruwan daro. Bai tsaya nan ba, ya fita bakin ƙofa da tuta da damin tikiti, ya buɗe murya yadda ya ga ana yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa barinsa ya yi ba:

"Jirgi ya taso daga Agyaragu! Masu zuwa Kafanchan a matso! Yau tikiti kyauta!"

Na ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sai muka ji ƙasa tana amsawa.

Mutanen ƙarƙashin mangwaro ne suka fara isowa. Ba laifinsu ba ne. Sun ji ƙararrawa, sun ga siton kaya a buɗe bayan shekara goma sha huɗu, ga ma'aikaci da kaki da hula yana raba tikiti. A da can ta cikin siton nan ake bi da kaya a ɗora a sikeli kafin a loda, manya sun tuna, suka gaya wa na baya. Masu babur suka kwasa cikin gari da labari cewa jirgi ya zo kuma gwamnati ta yafe kuɗin tikiti. Kafin Ya'akubu ya kai ƙofa yana ɗaga hannu, an wuce da shi ciki da baya-baya.

Garwar manja ta shigo, buhun gyaɗa ya shigo, katifa ta shigo a naɗe. Wani ya shigo da akuya a wuya. A bayansu mata masu talla suka danno, mai lemu, mai dafaffen ƙwai, mai rogo da ƙuli, kowace tana kiran abin sayarwarta. Salmanu kuwa da farko murna ce ta kama shi. Ya waiwayo yana huda tikiti ya ce da Perpetua, "Madam, me na gaya miki? Ga layi!"

Wata tsohuwa mai ƙullin kaya ta ja shi ta hannun riga.

"Ɗana, ina za a tsaya? Wane gefe jirgin zai shigo?"

"Ga shi nan ai, Iya, ya kusa gada."

Ta bi yatsansa da kallo. Ɗan jirgin yana tafe a kan waya, ƙyat-ƙyat-ƙyat, yana jan gwangwanayen kifi tara. Ta daɗe tana dubansa.

"Wannan ne za mu shiga?"

Maganar ta bi layi tana komawa baya, amma na baya ba su ji ta da kyau ba, suka ci gaba da turowa. A daidai lokacin jirgi ya hau gadar Makurɗi. Ko hayaniya ce ta dame su, ko warin gwangwani ne, ɗaya daga cikin tarwaɗan ta yi tsalle ta maka wa katakon jela. Kan jirgi da tarago huɗu suka faɗa Binuwai.

Babandi ya ce, "Direba, birki."

Salmanu ya yi kukan kura zai ceto jirgi, sai wani ɗan dako da ya gaji da buhun masara a ka ya ga tebur, ya sauke a gefen dutse. Tebur na biyar bai yi ko ƙara ba. Ƙafafunsa huɗu suka nitse a cikin kansu kamar an yi su da garin kwaki, don mako uku ke nan mutanen dutsen suna aiki a ciki. Suri ya faɗo ya tarwatse, gara ta watsu a ƙafafun jama'a. Wayar dogo kuwa a haɗe take tun daga Kafanchan har Makurɗi, saboda haka da na biyar ya tafi sai ya ja na huɗu, na huɗu ya ja Lafia, Lafia ta ja Agyaragu, daro ya kife. Kogin Binuwai ya bi ta cikin takalmin Mista Iorchia ya fita ƙofa, tarwaɗa biyu na biye da shi. Wata mai lemu ta cafke ɗaya ta sa a faranti ba ta ko rage tafiya ba.

Akuyar nan ta sauka daga wuyan mai ita ta cinye sauran tikitin.

Sai da Ya'akubu ya hau kan sikeli ya yi rantsuwa sau uku cewa ba wani jirgi a hanya, sannan aka fara fita. Ba a fita da daɗin rai ba. Wani ya sayar da tabarmarsa da tukunyarsa da ya ji ƙararrawa, wata ta bar kunu a wuta, mai ƙwai an taka mata rabin faranti. Kowa ya biyo ta gaban Salmanu ya ajiye masa kalma ɗaya, wasu da Hausa, wasu da Eggon, wasu da Tibi, kuma duk ya gane. Tsohuwar nan ita ce ta ƙarshe. Ta miƙa masa tikitinsa.

"Riƙe, ɗana. In ya girma ka aiko a gaya mini."

Sito ya rage daga mu sai laka. Salmanu yana tsaye da ɗan jirgin a hannu yana ɗiga, hula ta tafi da jama'a. Duk da haka ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ka dai ga yawan mutane. Ko a Legas..."

Mista Iorchia ya zauna a kan buhun masara, ya cire takalmi ya zubar da ruwa, ya cire ɗayan. Sannan ya ce, "Salmanu, ka san ni?"

"Wa bai san manya ba, ranka ya daɗe."

"Shekara ashirin da biyu ina tuƙi a layin nan kafin a sa ni ofis. Duk direba na sani. Babu Salmanu." Ya nuna fitilun da ke jere a kan kanta, su kaɗai ne ba abin da ya taɓa su. "Amma na san wanda yake goge waɗannan. Mu direbobi muna cewa, in ka ga wuta tsaf tun daga nesa, ba hayaƙi a gilashi, to ka iso Lafia. Ruwa ko iska, fitilar Lafia ba ta mutuwa. Da na shigo na ga yadda aka goge su, na gane ka."

Salmanu ya sunkuyar da kai yana duban jirgin da ke hannunsa.

"Da wasiƙarka ta ce Salmanu mai fitila, tun a Kafanchan zan sa hannu, ba sai na zo ba. Na ga an rubuta babban direba, na ce bari in je in ga wane ne wannan." Ya mayar da takalmi ya miƙe. "Kawo makulli."

Igiyar ta maƙale masa a kunne wajen cirewa, sai da Rekiya ta taimaka masa. Ban taɓa ganin Salmanu ya rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganin ba ko kaɗan. Mista Iorchia ya miƙa wa Perpetua makulli. Ta karɓa ba ta yi murmushi ba, ta sa a jaka. Rekiya ta ɗauki daronta ta duba gindinsa, ta ga ya lotse. Ta je wurin ƙararrawa ta kwance harshen, ta jefa a cikin daron ta ɗora a ka. Har yau da shi take daka barkono.

Kwana shida bai zo shan shayi ba. A na bakwai Perpetua ta aika aka kira shi. Doya ta riga ta cika siton har rufi, amma ta bar kantar fitilu yadda take, ɗan jirgin yana kai.

"Baba, cikin nan da duhu, masu lodi suna taka mini doya. An ce kai ka iya fitila. Za ka riƙa kunna mana?"

"Makulli fa?"

"Makulli yana wurina. Kai fitila."

Ya ɗauki guda ya duba lagwaninta, ya ce wanda ya taɓa wannan bai san aiki ba.

Washegari da sassafe ya dawo bencina yana warin kananzir. Wani baƙo da ke jiran jirgi ya matsa masa, ya ce, "Sannu, Direba." Muka zuba masa ido. Salmanu ya kurɓi shayi sau biyu, ya ajiye kofi.

"Wane direba? Direba ai makaho ne in ba mu. Ka san fitilar Lafia? Akwai wata damana da aka yi iskar da ta kwashe rufin tashar nan, ta tuge mangwaro uku. Ni kaɗai na hau sigina da ashana ɗaya a baki. Wutar da na kunna ranar, tun daga Makurɗi direbobi suke hango ta."

Na ɗauki gwangwanin madara na ƙara masa. Ya leƙa kofin, ya juya shi a hankali.

"Wasu ma sun ce daga Fatakwal."